Daga Akwatin Fartanya Zuwa BVAS: Yadda Aka Koya Mana Zaɓe

A sana'armu ta rubuta manhaja akwai wata jarrabawa da kowa ke shakkarta. Idan ka gama aikinka, sai ka miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, ka koma gefe ka kame bakinka, ka zuba ido. In ya tsaya yana lalube, ko ya danna inda bai kamata ba, ba a cewa laifinsa ne. Komawa ake yi a gyara.

Da wannan idon muka zauna muna duba alƙaluman zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023. Sunaye miliyan 93 da ɗoriya ne a rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin ɗari. A cikin waɗanda suka fito ɗin ma, ƙuri'a fiye da 900,000 ta lalace. Gaskiya ne rajistar na ɗauke da sunayen mamata da na waɗanda suka yi ƙaura, amma ko an cire su giɓin yana nan. Da a ce wata manhaja tamu ce mutum uku cikin huɗu suka yi rajista sannan suka ƙi buɗe ta, da tuni an kira mu taron gaggawa. Wannan ya sa muka koma baya mu ga yadda aka faro koya wa mutanen Arewa zaɓe, da wanda ya koya musu, da abin da aka bari ba a koyar ba.

Zaɓe irin na Turawa bai fara da mu ba. A 1923 aka fara zaɓen majalisar dokoki a Legas da Kalaba, kujeru huɗu kacal, kuma sai namiji mai samun fam ɗari a shekara ke jefa ƙuri'a. Arewa ba ta ciki. Sai da tsarin mulkin Gwamna Macpherson ya zo a 1951 sannan talakan Arewa ya ji ana cewa ya fito ya zaɓi wakili. Shi ma ɗin ba kai tsaye ba ne. Maza masu biyan haraji za su taru a ƙauye ko unguwa su fitar da wasu, galibi a bainar jama'a, a gaban dagaci ko mai unguwa. Waɗannan su je gunduma su fitar da wasu, a haka har a kai matakin lardi, inda ake fitar da masu tafiya majalisa a Kaduna. A matakin ƙarshe kuma En'e na da ikon cusa mutanenta, kashi goma cikin ɗari na masu zaɓen.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta taɓuka abin kirki a matakin farko a birnin Kano. Da aka tace, aka sake tacewa, ko kujera ɗaya ba ta kai da ita majalisa ba. Darasin farko da talaka ya ɗauka game da zaɓe ke nan: ka ɗaga hannunka a nan, abin da zai fito a can daban. Muna ganin wannan darasin bai taɓa goguwa gaba ɗaya ba.

Babban sauyi ya zo ne a zaɓen tarayya na 12 ga Disambar 1959, wanda zai fitar da gwamnatin da za ta karɓi mulkin kai. A nan ne aka yi zaɓe kai tsaye, kuma a asirce, a faɗin Arewa baki ɗaya. Kujeru 312 ne a majalisar wakilai, 174 daga ciki na Arewa. Matsalar da ke gaban masu shirya zaɓen babba ce: yawancin masu jefa ƙuri'a ba su karanta boko. Da yawa suna karanta ajami, amma takardun hukuma ba da shi ake buga su ba, kuma Yaƙi da Jahilci bai fi 'yan shekaru da kankama ba.

Dabarar da aka yi ta burge mu. Ba a ce kowa ya rubuta komai ba, ba a ce ya yi wata alama a takarda ba. Kowane ɗan takara aka ba shi akwatinsa, aka manna alamar jam'iyyarsa a jiki, aka jera akwatunan a bayan shamaki. Za a ba ka takardarka, ka shiga kai kaɗai, ka jefa a akwatin da kake so, ka fito. NPC fartanya, NEPU tauraro, NCNC zakara, Action Group bishiyar kwakwa. Manomin da bai san bihim ba ya san fartanya, da ita ya wuni a hannu. A yau idan muka sa hoton kwandon shara a manhaja maimakon mu rubuta "goge", wannan tunanin muke bi.

To wa ya koyar? Hukuma ta yi nata. Akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo da ake bugawa a Zariya tun 1939, wadda mai karatu ɗaya kan karanta wa mutum goma a dandali. Akwai rediyo, akwai motocin majigi da ke zagaya garuruwa. Amma ainihin karatun jam'iyyu ne suka yi shi, saboda su ne ke da abin rasawa. Ɗan NEPU da ke bin kasuwannin ƙauye a kan keke ba alamar tauraro kawai yake nunawa ba. Sai ya fara rantse wa mutum cewa in ya shiga bayan shamakin nan, hakimi ba zai san akwatin da ya jefa ba. Mawaƙa da marubuta waƙoƙin siyasa na kowane ɓangare suka ɗauki sunan alama da sunan ɗan takara suka sa a bakin yara da manya. "Sawaba" da "Salama" suka zama kamar gaisuwa, da ji ka san inda mutum ya dosa. Cif Awolowo kuma ya shigo Arewa da jirgi mai saukar ungulu, abin da ya tilasta wa Sardauna da manyan NPC fita ƙauye-ƙauye neman ƙuri'ar talakawa, abin da sarauta ba ta saba ba.

Kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista a ƙasar suka fito. NPC ta sami kujeru 134, NEPU takwas, ciki har da ta Malam Aminu Kano a Kano ta Gabas. Kada dai mu ruɗi kanmu da wannan adadi. A wurare da yawa dagaci ne ya ce a fita, aka fita, kuma 'yan adawa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai da duka a hannun 'yan doka. Fitowa da yawa ba ita ce fahimta da yawa ba. Tsarin akwatunan ma yana da ɓaraka: tunda babu mai ganin ka a ciki, kana iya soke takardar a aljihu ka fito da ita ka miƙa wa mai saye, shi kuma ya ba wani ya zuba su a dunƙule. Asirin da aka yi don kare talaka daga hakimi, shi ya buɗe ƙofar ciniki.

Sannan duk wannan lissafin na maza ne. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a 1959, matan Arewa an ce su dakata. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU, ta sha ɗauri da duka a kan siyasarta, kuma neman wa mata ƙuri'a na cikin abin da ta tsaya a kai. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka fara buɗe musu ƙofa, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Mu ƙiyasta: matar da aka haifa a 1930 ta kusa shekara hamsin kafin a fara tambayar ta wa take so ya shugabanci ƙasarta. Kakannin da yawa daga cikinmu ke nan. Idan muka ga layin mata a rumfar zaɓe ya fi na maza tsawo, da goyo da lema, yana da kyau mu tuna abin bai daɗe da samuwa ba.

A 1979, bayan shekara 13 na mulkin soja, aka sake komawa aji. Hukumar FEDECO ta watsar da tsarin akwati-akwati. Takarda ɗaya ce ɗauke da alamomin jam'iyyu biyar, ka dangwala yatsa a gefen wadda kake so, ka jefa a akwati ɗaya da kowa ke gani. An rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18. Ga miliyoyin mata sababbin shiga, ga matasa, ga zaɓe har kashi biyar a makonni daban-daban. NPN ta zo da gida da masara, PRP da makulli, kuma har yau dattijo a Kano ko Zariya in ya ji "Nasara" ya san makulli ake nufi. Duk da haka, a zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu rajista suka fito.

Akwai wani abu a zaɓen nan da duk wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta zai yi murmushi in ya ji. Doka ta ce wanda zai ci sai ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin, kuma 19 ba ta rabuwa uku. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, ta goma sha ukun ita ce Kano, inda ya sami kashi 19.94. Shin kashi biyu cikin uku na 19 goma sha uku ne, ko sha biyu da biyu bisa uku? Lauya Richard Akinjide ya ce na biyun ne, don haka rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano ake nema, wato kashi ɗaya cikin shida, wanda Shagari ya haura. Kotun Ƙoli ta amince. A wurinmu wannan shi ne kuskuren da ake gargaɗin ɗalibi a kansa tun shekarar farko: ka rubuta ƙa'ida ba ka faɗi yadda za a yi da ragowar lissafi ba. Shi kuwa mai jefa ƙuri'a abin da ya gani shi ne ya dangwala a rumfa, an ƙarasa zancen a kotu da lissafin da ba wanda ya taɓa yi masa bayaninsa.

Zamanin Janar Babangida aka juya abin gaba ɗaya. Aka kafa MAMSER a 1987 don wayar da kan jama'a, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama hukumar NOA. Gwamnati ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta, SDP mai doki da NRC mai gaggafa, ta gina musu ofisoshi. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta kawo zaɓen fili, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna ƙato bayan ƙato: ka tsaya a layi bayan hoton wanda kake so, a ƙirga kawuna da ƙarfi kowa na ji. Wannan ba ya bukatar wani dogon bayani, kuma satar sa a rumfa da wuya. Amma ya mayar da mu 1951 ta wata fuskar, domin ɗan haya na tsaye mai gida na kallon sa, mata na tsaye miji na kallo. Kafin zaɓen 12 ga Yunin 1993 an gyara tsarin, aka haɗa tantancewa a fili da dangwalawa a asirce. A zaɓen nan Cif Abiola ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a jiharsa ta Kano. Mutane sun koyi darasin, sun yi abin da aka ce su yi, aka soke zaɓen.

Da aka dawo farar hula a 1999, kusan rabin masu rajista suka fito, a 2003 kuma aka ce kashi 69. Wannan adadi na 2003 mu riƙe shi da hannu biyu, don a wancan lokacin babu abin da ke hana a cike takardar sakamako da ƙuri'un mutanen da ba su zo ba. A shekarun nan ne kuma aka sami abin da muke ganin ya fi kowane shirin wayar da kai tasiri a tarihin zaɓen Arewa, kuma ba daga ofis ya fito ba. Kalmomi ne 'yan kaɗan: a kasa, a tsare, a raka. Ka jefa ƙuri'arka, ka tsaya a ƙirga a gabanka, ka bi sakamakon har inda ake tattarawa. A Kano a 2003 jama'a suka kayar da gwamna mai ci, a Bauchi a 2007 suka kayar da ɗan takarar jam'iyya mai mulki, kuma a duka biyun mutane sun kwana a bakin ofisoshin tattara sakamako. Abin da ya bambanta wannan da duk karatun baya shi ne ya wuce rumfa. Tun 1959 ana koya wa mutane yadda za su sa ƙuri'a a akwati. Wannan ne karon farko da aka koya musu inda take zuwa bayan nan.

Daga 2011 aka shiga zamanin na'ura, wanda mu muka buɗe ido a cikinsa. Farfesa Attahiru Jega ya sake rajista da hoto da zanen yatsu. A 2015 aka zo da katin zaɓe na dindindin da na'urar karanta shi, wadda ta ƙi karɓar yatsan Shugaba Jonathan kansa a rumfarsa ta Otuoke. Daga baya aka kawo BVAS, mai duba yatsa ko fuska, mai kuma ɗaukar hoton takardar sakamako ta tura shafin IReV don kowa ya gani. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba tantancewa da na'ura gindin zama. Amma kason masu fitowa sai raguwa yake: wajen 54 a 2011, 44 a 2015, 35 a 2019, 27 a 2023. Wani ɓangare na raguwar alheri ne, don na'ura ta rage ƙuri'un bogi. Sauran kuwa mutane ne na gaske da suka zauna a gida.

Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne wayar da kai za ta magance ba. Wanda ɗan bindiga ya kora daga ƙauyensu ba jawabi yake bukata ba. A Fabrairun 2023 ga ƙarancin takardun Naira ga wahalar mai, wanda ya yi rajista a garinsu yana aiki a wani gari bai da kuɗin mota. Amma akwai waɗanda laifin rashin bayani ne tsantsa. A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne a takarda ɗaya, doguwa kamar zani, alamomi sun yi kama da juna, sunayen jam'iyyu haruffa uku-uku. Ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ta lalace. Wanda ya tsara akwatin fartanya ba zai yarda da wannan takardar ba. A 2021 kuma aka ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846, aiki mai kyau don rage cunkoso, aka kuma sauya wa wasu rumfa. Akwai hanyar duba rumfarka ta intanet, amma wa ya gaya wa tsohuwar da wayarta ba ta shiga intanet? Ta je inda ta saba, ba ta ga sunanta ba, ta koma gida.

Sai babbar, ta ranar zaɓen 2023. An shafe watanni ana gaya wa mutane, musamman matasa, cewa sakamakon kowace rumfa zai hau IReV nan take. Na 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya maƙale na sa'o'i. Hukumar ta ce tangarɗa ce a tsarin manhajar. Mu da muke wannan aikin mun san irin haka na faruwa, babu wanda manhaja ba ta taɓa kunyata shi ranar da ya fi bukatar ta ba. Mun kuma san cewa wanda ka yi wa alkawari ba ruwansa da bayaninka. Kuskuren da aka yi tun farko shi ne an tallata na'urar kamar ita ce maganin komai, har mutane suka ɗauka "a tsare, a raka" ya zama aikin waya. Alhali a doka, takardar da ake cikewa a rumfa, fom EC8A, ita ce tushe. Shugaban rumfa ya cike ta ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa hannu a ba su kwafi, a manna sakamakon a bango. Daga nan ta tafi mazaɓa, ta tafi ƙaramar hukuma, ta tafi jiha. Abin da IReV ke nunawa hoton wannan takardar ne kawai. Mu tambayi kanmu, cikin abokanmu masu digiri da ke zafin muhawara a Facebook, nawa ne suka san sunanta?

Shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023 ta ƙara fito da wannan giɓin, ko wane ɓangare mutum yake. A Satumbar shekarar kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663, bisa hujjar cewa takardun ba su ɗauke da hatimi da sa hannu da kwanan wata. A ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da su. Tsawon wata huɗu jiha guda na zaman ɗar-ɗar a kan abin da ke bayan takarda. Mun sha jin sanarwa a rediyo cewa a dangwala a cikin akwatin alama, kada tawada ta tsallaka layi, a naɗe takardar a tsaye don kada ta shafi wani gurbin. Ba mu cika jin an ce idan malamin zaɓe ya miƙo maka takarda ka juya bayanta ka duba hatimi da sa hannu kafin ka matsa ba. Daƙiƙa biyu ne, kuma kana da ikon ka ce a sa maka.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne muka ga sun ɓace tsakanin sanarwar hukuma da waƙar ɗan siyasa. Hukuma na cewa ka fito ka sauke nauyin da ke kanka, mawaƙi na cewa ka zaɓi wane. Ɗan NEPU mai keke ya fi su sanin abin da ke cikin ran mutumin da ke gabansa, domin ya gane tsoronsa hakimi ne, sai ya fara da nan. Tsoron mutumin yau daban ne. Yana ganin ko ya jefa ba za a ƙirga ba, ko an ƙirga za a sauya a hanya, ko ba a sauya ba kotu za ta juya. Ba a amsa masa da cewa zaɓe haƙƙinsa ne, ya riga ya sani. Ana amsa masa ne da nuna masa hanyar da takardar ke bi da wuraren da idonsa ke da amfani: ya duba sunansa lokacin da aka kafe rajista don gyara, ya san lambar rumfarsa kafin ranar, ya ga an nuna BVAS tana kan sifiri kafin a fara, ya tsaya a ƙirga da ƙarfi, ya duba ko adadin ƙuri'u ya haura na waɗanda na'ura ta tantance, domin in ya haura doka ta ce a soke rumfar.

Galibinmu da ke karanta wannan a waya muke karantawa, kuma wayar na da kyamara. A rumfar da muka yi zaɓe a 2023, da aka gama ƙirga wajen magariba aka manna sakamako a bangon makarantar firamare, mutum biyar ko shida ne muka rage a wurin. Wani dattijo da ya ce tun zamanin makulli yake zaɓe ya matso ya ce mu karanta masa lambobin, ya sa muka maimaita, sannan ya ce wa jikansa ya ɗauki hoton takardar, ya tabbatar lambar rumfar ta fito.